Daga Ɗafa-Ƙeya Zuwa Jerin Kalmomi: Tarihin Haɗuwar Suna da Sifa da Harafin Jarri a Jimlar Ingilishi

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin Hausa da ya shiga nazarin ginin jimla yakan tarar da nahawun Ingilishi a gabansa, ko ya so ko ya ƙi. Da yawa daga littattafan kimiyyar harshe da Ingilishi aka rubuta su, har da manyan littattafan nahawun Hausa, kuma misalan da ake fara kawo masa daga can suke fitowa. Wannan ya sa wasu ɗalibai suke ɗaukar tsarin jimlar Ingilishi tamkar mudun da ake auna kowane harshe da shi: sifa kafin suna, mai mallaka kafin abin mallaka, aikau a farko, karɓau a ƙarshe. Sai dai shi kansa Ingilishin ba da wannan tsari ya tashi ba. Shekara dubu da suka wuce, ƙarshen kalma ne yake bayyana aikinta a jimla. A yau kuwa, gurbinta a jeri ne yake bayyana shi, tare da ƙananan kalmomin da ke shiga gabanta.

Wannan muƙala za ta bi sawun wannan sauyi ta hanyar abubuwa huɗu: suna, da sifa, da sunan yanka, da ƙananan kalmomin nan irin su *of, to, in, on, with*. Su waɗannan za mu kira su haruffan jarri, kamar yadda malaman nahawun Larabci suke kiran takwarorinsu, domin kada a rikita su da harafin rubutu. Inda misalin Hausa zai haskaka magana, za a kawo shi.

2.0 Tsohon Ingilishi: zamanin li'irabi

A ƙarni na biyar ne ƙabilun Angle da Saxon da Jute suka ƙetaro teku daga arewacin Jamus da Denmak na yau, suka zauna a tsibirin Birtaniya. Harshen da suka zo da shi, wanda aka yi ta magana da rubutu da shi har wajen 1100, shi ake kira Tsohon Ingilishi. Wanda ya yi karatun nahawu a zaure, ya san rafa'i da nasabi da jarri, zai fi saurin gane wannan harshe, domin shi ma li'irabi gare shi. Suna yana sauya ƙarshensa gwargwadon aikinsa a jimla, kuma halaye huɗu ne manya: na aikau, da na karɓau, da na mallaka, da na wanda aka yi wa ko aka bai wa abu.

Ɗauki kalmar *stān*, wato dutse. A tilo, aikau da karɓau *stān* ne, mallaka *stānes*, hali na huɗu *stāne*. A jam'i kuma *stānas, stānas, stāna, stānum*. Wannan aji ɗaya ke nan, akwai wasu azuzuwan masu nasu ɗafa-ƙeya daban. Mafayyacin da a yau yake *the* ko'ina, a wancan zamani siffofinsa sun haura goma: *se, þone, þæs, þǣm* ga namiji, *sēo, þā, þǣre* ga mace, *þæt* ga jinsi na uku, da sauransu. Baƙin nan *þ* shi ne ake rubutawa *th* a yanzu.

Amfanin wannan shi ne jerin kalmomi bai zama dole ba. Jimlar *Se hunta ofslōh þone wulf* tana nufin maharbi ya kashe kyarkeci. Idan aka ce *Þone huntan ofslōh se wulf*, har yanzu maharbin ne a farkon jimla, amma wannan karon shi aka kashe, domin *þone huntan* karɓau ne duk inda ya tsaya. Ingilishin yau ba ya iya wannan. Da zarar an musanya gurbin maharbi da kyarkeci, an musanya mai kisa da wanda aka kashe.

Jinsi ma na nahawu ne, ba lallai ya bi halitta ba. *Wīf*, wato mace, jinsi na uku take, *wīfmann* kuma, wadda ta zama *woman*, namiji ce a nahawu. *Sunne*, rana, mace ce, *mōna*, wata, namiji ne, kamar dai yadda suke a Hausa. Sifa tana bin sunanta a jinsi da adadi da hali, kuma tana da jeri biyu. Idan ba mafayyaci a gabanta, sai a ce *gōd cyning*, sarki nagari, a karɓau *gōdne cyning*. Idan da mafayyaci, sai *se gōda cyning*, a karɓau *þone gōdan cyning*. Haruffan jarri suna nan, amma tare da li'irabi suke aiki: *on þǣm hūse* zama ne a cikin gida, *on þæt hūs* shiga cikinsa ne.

3.0 Abin da ya cinye ɗafa-ƙeya

Dalili na farko daga cikin gida ya fito. Ingilishi, kamar ƴan'uwansa na dangin Jamusanci, yana ɗora ƙarfin murya a kan gaɓar farko ta saiwar kalma. Gaɓar ƙarshe takan fito a raunane, kuma a can ne li'irabin yake. Sannu a hankali wasulan *a, o, u, e* na ƙarshen kalma suka narke suka zama wasali ɗaya maras ƙarfi, wanda marubuta suka riƙa rubutawa da *e*. Baƙin *m* na ƙarshe ya koma *n*, daga baya *n* ɗin ya faɗi. Da haka *stāne* da *stāna* da *stānum* suka haɗu a siffa ɗaya. Alamar da ba ta rarrabe komai kuwa, ba ta da dalilin zama.

Dalili na biyu cuɗanya ce. A 793 mayaƙan ruwa da ake kira Viking suka kai hari gidan ibadar Lindisfarne, a 865 kuma babbar rundunarsu ta sauka da niyyar zama. Bayan Sarki Alfred ya ci su a Edington a 878, an raba ƙasa, arewa maso gabas ta zama tasu. Harshensu da Tsohon Ingilishi ƴan'uwa ne: saiwar kalmomi kusan ɗaya ce, ɗafa-ƙeya ne suka bambanta. Wannan yana cewa *stānas*, wancan yana cewa *steinar*. Mutanen da ke ciniki da auratayya a irin wannan hali sukan riƙe saiwar da suka yi tarayya a kanta, su sassauta wa wutsiyar. Masana sun saɓa a kan girman wannan tasiri, amma rubuce-rubucen da suka rage sun nuna cewa daga arewa da gabas rushewar ta faro. Fassarar da wani malami mai suna Aldred ya rubuta tsakanin layukan Linjilar Lindisfarne a ƙarni na goma ta riga ta nuna rikicewar jinsi, alhali a Kent, can kudu, wani littafi na 1340 yana ɗauke da ragowarsa. Ɗalibin Hausa ya san irin wannan: Hausar zango ta ƙasar Gana, inda harshen ya zama na haɗuwar ƙabilu, ta saki bambancin jinsin da Hausar Katsina ko Maraɗi take riƙe da shi.

Dalili na uku shi ne cin Ingila da William na Normandi ya yi a 1066. Faransanci bai kashe li'irabi da hannunsa ba, domin ciwon ya riga ya kama. Abin da ya yi shi ne ya karɓe fada da kotu, Latin kuma ya ci gaba da riƙe coci da makaranta. Daidaitaccen rubutun Tsohon Ingilishi ya rasa masu kula da shi, sai wanda ya ɗauki alƙalami ya rubuta yadda kunnensa yake ji. Kundin tarihin da ake rubutawa a gidan ibadar Peterborough shaida ne: a shafukansa na ƙarshe, waɗanda suka tsaya a 1154, mafayyaci ya kusan komawa siffa ɗaya, jinsin nahawu ya watse.

4.0 Haruffan jarri sun ɗauki kaya

Da li'irabi ya faɗi, aikin da yake yi bai faɗi tare da shi ba. Dole mai sauraro ya san wa ya yi, wa aka yi wa, abin wa ne. Abu biyu suka raba gadon: jerin kalmomi da haruffan jarri. Alƙaluman da masanin harshe Charles Fries ya buga a 1940 sun nuna saurin abin. Wajen shekara ta 1000, fiye da rabin karɓau yana zuwa ne kafin aikatau, wajen 1500 kuwa bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Haka mallakar da ake ginawa da *of*: kimanin kashi 1 cikin 100 ce wajen 1000, amma wajen 1300 ta haura kashi 80.

Ita *of* asalin ma'anarta "daga" ce, kuma kalma ɗaya ce da *off*, sai daga baya rubutu ya raba su. Daga "mutum daga Landan" zuwa "mutumin Landan" taki ɗaya ne, kuma *de* ta Faransanci, wadda ta riga ta yi wannan tafiya, ta ƙara mata ƙaimi ta hanyar fassara. *To* kuma ta karɓi aikin hali na huɗu: *þǣm cyninge* ya koma *to the king*. Tsohon tsarin bai mutu gaba ɗaya ba. Shi ya sa ake da hanya biyu, *give the king a horse* da *give a horse to the king*. Ta farko gurbi kaɗai take dogaro da shi, ta biyu harafi. Hausa tana yin wannan aiki da *wa* ko *ma*, kamar a "ya kawo wa sarki doki".

Da yake buƙata ta ƙaru, sai aka ƙera sababbi daga sunaye. *Down* daga *of dūne* take, wato daga kan tudu. *Among* daga *on gemang*, a cikin taro. *Beside* ita ce "a gefe", *instead of* "a gurbin", *because of* "bisa dalilin", *in front of* kuma tana ɗauke da kalmar Faransanci mai nufin goshi. A nan Hausa da Ingilishi sun bi hanya ɗaya, domin *kan, cikin, bayan, gaban, bakin* sunayen sassan jiki ne da aka ɗafa wa nasaba. An kuma yi aro: *till* ta yaɗu daga arewa inda ƴan Viking suka zauna, *during* da *except* suka shigo ta Faransanci da Latin.

Wasu sun sauya ma'ana. *Wiþ* ta tsohon harshe "gāba da" take nufi, kalmar "tare da" kuwa *mid* ce. *With* ta ture *mid* ta gaje ma'anarta, amma kowace ta bar sawu: *withstand* tsayayya ce ga abu, *midwife* kuma, ungozoma, ita ce matar da ke tare da mai haihuwa.

5.0 Ɗafa-ƙeyar da ta tsira

Daga cikin li'irabin suna duka, *-es* ta mallaka da *-as* ta jam'i ne suka tsira, domin baƙin *s* ba ya narkewa kamar wasali. Suka mamaye sauran azuzuwan: jam'in *bōc*, littafi, a da *bēc* ne, ya koma *books*. Ƴan tsirarun da suka ƙi bin ayari su ne ɗalibai suke haddacewa a yau: *feet, men, oxen, sheep*. *Children* ma jam'i biyu ne a kan juna, tsohon *-ru* da aka ƙara wa *-en*.

Ita *-es* ta mallaka sai ta sauya hali. A da suna ɗaya take manne wa, don haka mai son cewa ƴar sarkin Ingila sai ya tsaga maganar, ya ce abin da ya yi daidai da *the king's daughter of England*. Daga ƙarshen ƙarni na sha huɗu aka soma jin *the king of England's daughter*, inda alamar ta tsallake sarki ta maƙale a ƙarshen yankin suna gaba ɗaya. A ƙarni na sha shida da na sha bakwai wasu suka zaci guntun *his* ce, suka riƙa rubuta ta cikakkiya, kamar a sunan wasan kwaikwayon Ben Jonson, *Sejanus His Fall*. Ɗan waƙafin da ake ratayawa a sama kafin *s* bai zauna daram ba sai a ƙarni na sha takwas.

Don haka Ingilishi ya wayi gari da mallaka iri biyu masu fuskantar juna. *The king's horse* tana sa mai abu a gaba, gadon Jamusanci ke nan. *The roof of the house* tana sa abin a gaba, kamar Faransanci da Hausa. Ta farko ta fi zama da mutane da masu rai, ta biyu da marasa rai. Hausa ba ta da wannan rabuwa: dokin sarki, rufin ɗaki, ƴar sarkin Ingila, duka jigo ne a farko, nasaba ta biyo, kuma nasabar tana bin jinsin jigon, ba na mai mallaka ba.

6.0 Sifa ta tuɓe, ta tsaya wuri ɗaya

A zamanin Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, abin da ya rage na li'irabin sifa wasali ɗaya ne: *an old man*, amma *the olde man* da *olde men*. Cikin ƙarni na sha biyar wannan *e* ta daina fita a baki. Tun daga nan sifar Ingilishi ba ta san namiji ko mace ko jam'i ba: *white horse, white gown, white horses*. Hausa kuwa sai ta ce farin doki, farar riga, fararen dawaki, kuma tana da ikon juyawa ta ce doki fari, riga fara. Sifar Ingilishi ba ta da wata alama a jikinta da za ta nuna sunan da take bi, saboda haka maƙwabtaka ce kaɗai shaidarta, sai ta lizimci gaban suna.

Inda aka ga ta koma baya, akwai tarihi a wurin. Faransanci ya daɗe a kotunan Ingila. Ko da dokar 1362 ta ce a riƙa shari'a da Ingilishi, lauyoyi sun ci gaba da rubutu da nasu Faransancin har ƙarni na sha bakwai. Daga nan aka gaji *attorney general*, da *court martial*, kotun soja, da *heir apparent*, yarima mai jiran gado. Sunan ne a farko, shi ya sa jam'in yake *attorneys general*. Ɗalibin da ya yi makaranta da Faransanci zai gane tsarin nan take, kuma da Hausa ta ari Antoni Janar da Sakatare Janar, jerin bai yi mata baƙunta ba.

Akwai kuma wasu sifofi da ba sa shiga gaban suna ko kaɗan: *alive, asleep, afloat*. Ana cewa *the man is asleep*, ba a cewa *the asleep man*. Dalili shi ne asalinsu harafin jarri ne da suna. *Alive* ita ce *on līfe*, "a raye", kuma *e* ta ƙarshenta ragowar hali na huɗu ce. Sun sauya kama, amma suna nan a gurbin da yankin harafin jarri yake tsayawa.

Tuɓewar nan ta sauƙaƙa wani abu. Da suna da sifa suka rasa alamun da ke raba su, sai ya zama kowane suna yana iya tsayawa gaban wani ya siffanta shi: *gold ring* ta zauna kusa da tsohuwar *golden*, aka sami *stone wall*, har aka kai ga jeri irin *school bus driver*. Ƙa'idar karanta irin wannan ita ce jigo yana ƙarshe. Mai fassara zuwa Hausa daga wutsiya zai faro: direban motar makaranta.

7.0 Sunan yanka: rumbun tsohon nahawu

Sunan yanka ba ya saurin sauyawa, don haka yakan adana abin da sauran harshe ya zubar. Ranakun mako misali ne. *Tuesday* ita ce *Tīwes dæg*, *Wednesday* kuma *Wōdnes dæg*, wato ranar Tiw da ranar Woden, gumakansu na da, kuma *s* ɗin tsakiya ta mallaka ce. *Sunday* da *Monday* ba su da ita domin *sunne* da *mōna* wani aji suke, mallakarsu da *-an* take.

Kafin 1066 mutumin Ingila suna ɗaya gare shi, galibi haɗin kalma biyu masu ma'ana. *Æthelred* na nufin shawara mai daraja. Sarkin da ke da wannan suna, wanda ya rasu a 1016, an yi masa laƙabi da *unrǣd*, wato muguwar shawara, don a yi wa sunan ba'a. Da kalmar ta ɓace, sai na baya suka mai da ita sifa, *the Unready*, maras shiri, abin da ba shi ake nufi ba. Bayan zuwan Normawa, sunaye kaɗan irin su William da Robert da Richard da John suka cika ƙasa, ya zama dole a ƙara wani abu don a rarrabe.

Hanya huɗu aka bi, kuma kowace tana da takwara a Hausa. Akwai uba: *Johnson*, ɗan John, da *Williams* mai *s* ta mallaka, da *Fitzgerald* mai ɗauke da kalmar Faransanci ta ɗa, kamar yadda ake cewa Usmanu ɗan Fodiyo. Akwai sana'a: *Smith*, maƙeri, *Baker*, mai gashin burodi, *Taylor*, tela. Akwai sifa: *Long, Little, Brown*, irin su Dogo da Gajere. Akwai wuri, inda harafin jarri ya shigo: *John of Gaunt* an haife shi ne a 1340 a garin Ghent na Beljiyam ta yau, kamar a ce Abdullahin Gwandu. Daga baya *of* da *de* suka faɗi daga yawancin sunaye, garin ya tsaya shi kaɗai, kamar a Aminu Kano ko Shehu Shagari. A wasu kuma harafin ya manne: *Atwood*, a bakin daji, *Underhill*, ƙarƙashin tudu. *Nash* daga *atten ash* take, "a gindin itacen ash", kuma *n* ɗin farkonta ragowar *þǣm* ce da ta yi ƙaura zuwa kalmar gaba. Bambancin da ke akwai shi ne wajen 1400 yawancin waɗannan laƙubba sun zama na gado a Ingila, har aka sami *Long* gajere da *Smith* da bai taɓa riƙe guduma ba.

Sunayen garuruwa ma jimloli ne da suka daskare. *Birmingham* gidan mutanen Beorma ne, kuma *-ing-* ta tsakiya aikinta ya yi kama da na *-awa* a Gobirawa. *Grimsby* da *Whitby* suna ɗauke da *-by* ta ƴan Viking mai nufin ƙauye. *Newcastle* sifa ce da suna, sabuwar ganuwar da aka gina a 1080, kuma da yake akwai wasu masu sunan, sai harafin jarri ya raba gardama: *Newcastle upon Tyne*, *Newcastle-under-Lyme*. Hausa da nasaba take wannan aiki: Birnin Ƙonni, Birnin Kabi, Birnin Kudu. Shi kuwa babban baƙi da a yau ake gane sunan yanka da shi, sabon abu ne. A ƙarni na sha bakwai da na sha takwas ana sa shi ga kowane suna mai muhimmanci, kamar yadda ake gani a kundin tsarin mulkin Amurka na 1787. Daga baya aka taƙaita shi ga sunan yanka, Jamusanci kuwa ya riƙe tsohuwar al'adar har yau.

8.0 Malaman nahawu da mudun Latin

Lokacin da William Caxton ya kafa maɗaba'a a Westminster a 1476, sauyin ya kusan kammala. Abin da ya rage shi ne a bayyana shi, kuma a nan aka sami tangarɗa. Nahawun Ingilishi na farko da aka rubuta da Ingilishi, na William Bullokar a 1586, a kan tsarin nahawun Latin aka ɗora shi, ana neman halayen li'irabi a harshen da ya riga ya zubar da su. John Wallis, a littafinsa na 1653, ya soki wannan, ya nuna cewa haruffan jarri ne suke yin aikin da li'irabi yake yi a Latin. Amma mudun Latin bai bar hannun malamai ba.

Misalin da ya fi shahara shi ne barin harafin jarri a ƙarshen jimla, kamar a *the knife I cut it with*. Ingilishi ya daɗe yana yin haka, Latin kuwa ba ya yi. A 1672 John Dryden ya aibata Ben Jonson a kan wannan. A 1762 Robert Lowth ya yarda cewa harshen yana karkata ga hakan a zance, amma ya fifita ɗaya hanyar a rubutu mai nauyi. Littattafan makaranta da suka biyo baya suka mai da fifikon ya zama hani, aka yi ta horon yara a kan abin da ba laifi ba ne. Hausa tana da tata mafita: wani lokaci ta ajiye wakilin suna a gurbin, "wuƙar da na yanka da ita", wani lokaci ta cire nasaba ta bar sunan, "gidan da na zauna a ciki".

9.0 Kammalawa

Tsakanin 900 da 1500 Ingilishi ya sauya hanyar da yake ɗaure kalmominsa. Raunin gaɓar ƙarshe ya share li'irabi, cuɗanya da ƴan Viking ta ƙara wa abin sauri, mulkin Normawa ya cire takunkumin rubutu. Jerin kalmomi da haruffan jarri suka gaji aikin, sifa ta tuɓe ta tsaya gaban suna, mallaka ta rabu biyu, sunan yanka ya adana guntattakin tsohon tsari. Yawancin abin da ɗalibi yake haddacewa a matsayin saɓa-ƙa'ida, irin su *oxen* da *attorneys general* da *asleep*, ƙa'idar wani zamani ce da ta yi saura.

Darasin da ya shafi ɗalibin Hausa kai tsaye shi ne na sashe na takwas. Malaman Ingila sun ɓata ƙarnoni suna auna harshensu da mudun Latin, kuma mai nazarin Hausa yana iya faɗawa irin wannan rami da mudun Ingilishi. Wanda ya jera *kan* da *cikin* da *bayan* a matsayin haruffan jarri kawai, bai ga sunan da nasabar da ke cikinsu ba. Wanda ya nemi sifa ga kowace sifar Ingilishi zai rasa gane dalilin da ya sa Hausa take cewa mai ƙarfi, maras lafiya, ya fi shi tsawo. Kwatanci yana da amfani matuƙar ana tuna cewa kama da wane ba ta wane. Tambayar da ta dace a yi wa kowace jimla, ta Hausa ce ko ta Ingilishi, ita ce: da me wannan harshe yake nuna wanda ya yi, da wanda aka yi wa, da mai abu, da abin da ake siffantawa? Ingilishin yau zai amsa da gurbi da harafin jarri. Hausa za ta amsa da gurbi, da nasaba, da dacewar jinsi da adadi.